Yadda ake amfani da enzaim a haɗa alkohol mai hannu ɗaya na magungunan jenarik

Duk wanda ya taɓa shiga kemis a Ƙofar Kaura ko Ƙofar Marusa a Katsina ya sayi atorvastatin na kolestarol ko montelukast na masu asma, in ya juya kwalin zai ga yawanci daga Indiya suka fito, wanda ma aka buga ƙwayarsa a Legas ko Ogun to garin maganin da ke ciki, wato abin da 'yan harkar ke kira API, daga Indiya ko Sin aka shigo da shi. Kafin a kai ga wannan garin kuma akwai sinadarai na tsaka-tsaki da ake haɗawa mataki bayan mataki, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ke ba kamfanoni wahala suke cin kuɗi shi ne alkohol mai hannu ɗaya. Wannan bayanin na yi shi ne domin 'yan uwa ɗaliban kemistiri da bayokemistiri da famasi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Dutsin-Ma da Al-Qalam da ma 'yan foli, saboda ni a ganina in har akwai ƙofar da za mu iya shiga wannan harkar ta cikinta to ita ce ta enzaim, wato furotin da ke hanzarta aikin sinadarai a jikin masu rai, ba ta buƙatar tukunyar matsin haidirojin, ba ta buƙatar tsananin sanyi, yawanci cikin ruwa ake yi a zafin da bai wuce na ɗakinka ba.

Bari mu fara da maganar hannun. Akwai sinadarai da ƙwayoyinsu suke zuwa iri biyu, kusan komai nasu ɗaya, nauyi ɗaya, zafin tafasa ɗaya, amma tsarinsu kamar takalmin hagu ne da na dama, ƙafa ɗaya kawai kowanne ke shiga. Ana kiran ɗaya R ɗayan S. Jikin mutum yana bambance su sarai, don haka sai ka ga ɗaya shi ne magani ɗayan kuma ba ya aikin komai ko ma ya cutar. Labarin thalidomide shi ya farkar da duniya, maganin da aka riƙa ba mata masu ciki a Jamus da wasu ƙasashe a ƙarshen shekarun 1950 har aka janye shi a 1961 bayan an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa. Shi dai wannan maganin ko an ba mutum hannu ɗaya jiki yana juya shi ya koma biyu, amma tun daga lokacin hukumomi suka sa ido kan maganar, a 1992 hukumar FDA ta Amurka ta fitar da ƙa'idarta kan irin waɗannan magunguna, yanzu duk mai haɗa jenarik na irin wannan magani, wato kwafin maganin da lasisin mallakarsa ya ƙare, dole ya nuna nawa ne na ɗaya hannun ya rage a cikin kayansa.

Alkohol a nan ba giya ake nufi ba, duk sinadarin da ke ɗauke da OH a jikin kabon ne. Ana samun sa ne daga kiton, wato sinadarin da ke da C=O a tsakiyar jerin kabon ɗinsa, a ƙara wa kiton ɗin haidirojin ya koma alkohol. In ka yi haka da sodiyam borohaidiraid kamar yadda muka saba a lab za ka samu rabi R rabi S, ka ga rabin kayanka ya tafi a banza kenan, ga wahalar rabawa. Akwai hanyar Noyori ɗan Jafan da ya samu kyautar Nobel a 2001, ana amfani da ƙarfen ruteniyam da haidirojin a ƙarƙashin matsi, tana aiki sosai amma kayanta tsada gare su kuma dole daga baya a tabbatar ƙarfen bai bi magani ba. Shi kuwa enzaim ɗin da ake kira ketoridaktes, a taƙaice KRED, yana riƙe kiton ɗin ne ta yadda haidirojin zai zo ta gefe ɗaya tak, sai hannu ɗaya ya fito.

Mataki na farko, zaɓi maganin da kiton ɗinsa

Kada ka ce za ka ƙirƙiro sabon abu. Ka ɗauki maganin da lasisin mallakarsa ya ƙare kuma an riga an san hanyarsa. Atorvastatin, wanda Pfizer ke sayarwa da sunan Lipitor, lasisinsa ya ƙare a Amurka a Nuwamban 2011, na montelukast wato Singulair na Merck a 2012, na duloxetine a 2013, kuma dukansu ukun akwai alkohol mai hannu ɗaya a hanyar haɗa su. Na atorvastatin kiton ɗin shi ne etil 4-kuloro-asitoasitet, enzaim ya mai da shi etil (S)-4-kuloro-3-haidiroksibutiret. Amma fa a kula, lasisin magani daban, lasisin hanyar haɗawa daban, lasisin shi kansa enzaim ɗin da wani kamfani ya gyara shi ma daban, in don bincike ne a jami'a babu damuwa sosai, in kasuwa ka nufa sai ka nemi lauya ya duba maka.

Mataki na biyu, ka iya aunawa kafin ka taɓa enzaim

Nan ne nake so a fi tsayawa don nan ne furojet ɗin ɗalibai da yawa yake mutuwa. Mutum ya yi wata uku yana juya kwalba a ƙarshe a tambaye shi hannu nawa ya samu ya rasa ta cewa, saboda gwaje-gwajen da aka saba yi a lab ba sa nuna hannu, TLC ba ya bambance R da S, IR ba ya bambancewa, NMR na yau da kullum shi ma haka. Abin da ake aunawa sunansa ee, wato yadda hannu ɗaya ya rinjayi ɗayan, lissafinsa kuwa mai sauƙi ne, ka ɗebe ƙaramin daga babban ka raba da jimillarsu ka ninka da 100. In S ya kai kashi 99.5 R kuma 0.5 to ee ɗinka 99 kenan. Masu sayen irin wannan kaya yawanci daga 99 zuwa sama suke nema, 90 da kake ganin kamar ya yi kyau ba zai shiga kasuwa ba.

Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki ɗan kiton ɗinka, giram ɗaya ma ya isa, ka narka a metanol ka sa kwalbar cikin ƙanƙara ka zuba sodiyam borohaidiraid kaɗan-kaɗan, abin da zai fito shi ne gauraye na rabi da rabi, wannan shi ne ma'auninka. Sai ka sa shi a na'urar rarrabe sinadarai ta HPLC mai kolom na musamman mai raba hannu, irin su Chiralcel da Chiralpak na kamfanin Daicel, ko GC mai kolom na saikulodekstirin in sinadarin mai saurin tashi ne, ka yi ta gyara ruwan da ke tura shi, yawanci hekzen da aisofurofanol, har sai ka ga tsauni biyu masu girma ɗaya sun rabu tsaf a kan allo, ga kuma na kiton ɗin can gefe shi kaɗai. Sai ka ga wannan hoton sannan ka fara maganar enzaim. In babu irin wannan kolom a makarantarku to tun kafin a rubuta furofozal a nemo inda yake a yi magana da su, ko Zariya ko Kano ko Abuja, a san kuɗin kowane samfur a sa a kasafi. Folarimita tana taimakawa, tana nuna maka ko hasken ya juya dama ko hagu da kuma kimanin yawansa, amma ƙazanta kaɗan ko ragowar ruwan narkarwa sai ta ba ka lambar ƙarya, don haka a ɗauke ta a matsayin ta share fage kawai.

Mataki na uku, koyon hannu da yis da karas

Kafin ka kashe dala kan enzaim na kamfani, akwai enzaim a cikin yis ɗin da masu gidan burodi ke amfani da shi, kuma gwajin tsoho ne sananne. Ka samu kwalba mai faɗin ciki, ka zuba ruwa mai ɗumi kamar mililita 160, sukari giram 30, ɗanyen yis giram 20, in busasshe ne na leda sai ka rage, ka bar shi yana juyawa awa ɗaya a digiri 30. Za ka ga kumfa ta taso tana hawa wuyan kwalbar, warin ƙullin burodi ya cika ɗakin, in ka sa bututu a bakin ka tsoma ƙarshensa cikin ruwa za ka ga iska tana fita ɗaya bayan ɗaya, alamar yis ɗin ya farka kenan. Kada ka toshe bakin gam, kwalba za ta iya fashewa. Sai ka ɗiga etil asitoasitet giram 2, ka bar shi kwana ɗaya, ka ƙara ruwan sukari, ka ba shi wasu kwana biyu. Abin da zai fito etil (S)-3-haidiroksibutiret ne, ee ɗinsa yakan tsaya wajen 85, tsantsarsa kuma a folarimita cikin kulorofom yana ba da wajen +43.

Me ya sa bai kai 99 ba? Saboda cikin yis enzaim ba ɗaya ba ne, suna da yawa, wasu suna ba da S wasu suna ba da R duk a lokaci guda, wannan shi ne dalilin da ya sa kamfanoni suka koma ware enzaim ɗaya. Karas ma yana yi, wanda ake sayarwa a baro lokacin sanyi, ka wanke shi sosai ka yayyanka ƙanana ka zuba a ruwa da ɗan asitofinon kamar miligiram 100, ka bar shi yana kaɗawa kwana biyu zuwa uku, za ka samu (S)-1-fenil-etanol da ee mai kyau, sai dai karas mai yawa ne ke ba da kaya ɗan mitsitsi. Ba hanyar kasuwanci ba ce amma wallahi ɗalibin da ya yi waɗannan biyun da hannunsa ya auna su ya riga ya fahimci rabin aikin.

Mataki na huɗu, tantance enzaim

Kamfanoni irin su Codexis da Johnson Matthey da Almac suna sayar da akwatin gwaji mai ɗauke da KRED iri-iri, kowanne gari ne busasshe a 'yar kwalba. Yawancinsu a cikin bakteriyar E. coli aka noma su, wasu kuma an yi musu gyara ta hanyar sauya ƙwayar halittarsu zagaye bayan zagaye ana zaɓen wanda ya fi, aikin da ya ba Frances Arnold kyautar Nobel a 2018. A firiza ake ajiye su a digiri 20 ƙasa da sifili, kuma a garinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, in firizar ba ta kan sola ko inbata to kowace ɗaukewar wuta narkewa ce da sake daskarewa, ƙarfin enzaim ɗin yana ta zubewa ba ka sani ba. Da ya iso ka rarraba shi ƙanana-ƙanana, kullum ka ciro wanda za ka yi aiki da shi kaɗai.

Gwajin kansa a mililita ɗaya ake yi. Bafa, wato ruwan da ke riƙe pH, ta fotasiyam fosfet mai ƙarfin milimola 100 a pH 7, da ruwan da aka tace ta hanyar turiri ba na rijiyar burtsatse ba, ɗan magniziyam salfet kamar milimola 1 ko 2, NADP da NAD masu kai wa KRED haidirojin kamar milimola 1, gulukos da enzaim ɗin GDH mai sabunta su, kiton miligiram 2 zuwa 5 da aka narka cikin ɗigon DMSO ko aisofurofanol, sai KRED miligiram 1 zuwa 5, kowace kwalba da irin nata. Ka bar kwalba ɗaya babu KRED a ciki don ka gane ko kiton ɗin yana lalacewa da kansa. A kaɗa su awa 24 a digiri 30, a zuba etil asitet a girgiza a ɗebi na sama a kai HPLC. Abu biyu kake dubawa, nawa ya juye, kuma wane hannu. Akwai ƙa'idar Prelog da ke cewa yawancin enzaim irin na yis S suke bayarwa a kan kiton na yau da kullum, na bakteriyar Lactobacillus kefir da brevis kuma akasin haka, amma kada ka dogara da ita ka ƙi gwadawa, harafin R ko S yana iya canjawa saboda tsarin suna kawai, misali sa kulorin a jikin sinadarin ya isa ya juya harafin alhali enzaim ɗin bai canja gefen da yake aiki ba.

Mataki na biyar, maganar NADPH

KRED ba ya aiki shi kaɗai, haidirojin ɗin da yake bayarwa daga NADPH ko NADH yake karɓa, shi kuma tsadarsa ta wuce a ce kowace ƙwayar kiton a ba ta tata. Don haka ɗan kaɗan ake sawa a yi ta sabunta shi sau dubbai. Hanya biyu aka fi bi.

Ta farko gulukos da GDH. GDH yana cire haidirojin daga gulukos ya mayar wa NADP, shi kuma gulukos ya koma gulukonik asid. Kyawunta ba ta komawa baya, tana tura aikin har ƙarshe. Matsalarta asid ɗin, kowane mol na kiton da ya juye mol ɗaya na asid ya fito, in ka tsaya gaban mitar pH za ka ga lambar tana sauka a hankali daga 7.0 zuwa 6.8 zuwa 6.5, in ka tafi sallah ka daɗe ka dawo ka tarar ta gangara ƙasa da 5 to enzaim ya tsaya, wani lokaci ma ya mutu. Dole a riƙa ɗiga ruwan sodiyam haidiroksaid, wato soda, ana riƙe ta a 7, da na'ura mai yi da kanta in akwai, in babu da biret da mutum a zaune, ku yi karɓa-karɓa da abokin aiki. A ɗiga shi inda ruwan ke juyawa da ƙarfi don kada ya taru wuri ɗaya ya ƙona enzaim. Wani amfani da ke ciki shi ne yawan sodan da ka zuba yana gaya maka inda aikin ya kai ba sai ka je HPLC ba, in ka sa mol 0.1 na kiton ka ga mol 0.09 na soda ya shiga to ka kusa, ranar da pH ta daina sauka an gama ko kuma an samu matsala. Gulukos a sa ya ɗan fi kiton, kamar 1.1 zuwa 1.2 a kan kowane 1.

Ta biyu aisofurofanol. A nan KRED ɗin da kansa yake cire haidirojin daga aisofurofanol ya mai da shi asiton, ba a buƙatar enzaim na biyu, pH ba ta motsi, kuma aisofurofanol ɗin yana taimakawa wajen narka kiton mai ƙin ruwa. Sai dai ita tana komawa baya, in asiton ya taru aikin sai ya cije a kashi 80 ko 90 ya ƙi gaba. Maganinsa a sa aisofurofanol da yawa a kuma riƙa fitar da asiton, tunda shi a digiri 56 yake tafasa aisofurofanol kuma a 82, hura naitirojin ko ɗan rage matsin iska ya isa ya kore shi. Ba kowane enzaim ke jure aisofurofanol mai yawa ba, takardar da ta zo da akwatin za ta faɗa maka.

Mataki na shida, ƙara nauyi

Enzaim ɗin da ya yi nasara a gwajin mililita ɗaya sai a kai shi mililita 50, a fara ƙara kiton ana rage enzaim, giram 10 a lita, 25, 50, 100, ana canja abu ɗaya a lokaci ɗaya ana ɗiban samfur a awa 1 da 2 da 4 da 8 da 24. Don ka san inda ake nufa, hanyar Codexis ta atorvastatin da ta ci kyautar kemistiri mai kare muhalli ta Amurka a 2006 ta kai kiton giram 160 a lita, enzaim ƙasa da giram 1 a lita, an gama cikin awa 8, ee sama da 99.5. Da enzaim ɗin asali kafin a gyara shi rabin wannan kiton ɗin ne kawai, a awa 24, da enzaim ninki goma. A montelukast kuwa kiton ɗin kusan ba ya narkewa a ruwa sam, da can da wani sinadarin boron mai suna DIP-Cl ake yi cikin tsananin sanyi, da aka samu KRED da ya dace sai aka koma cakuɗen aisofurofanol da ruwa da toluwin a digiri 45, giram 100 a lita, kayan yana fitowa a matsayin gari a tace shi kawai.

Zafi shi ne abin da zai fi damunmu. A watan Afrilu da Mayu Katsina tana haura digiri 40, ɗakin da babu iya-kwandishan ya fi ƙarfin enzaim da yawa, ga shi aikin kansa yana fitar da ɗumi in kaya sun yi yawa. A sa kwalbar cikin bahon ruwa da ma'aunin zafi a ciki ana jefa ƙanƙara, kada a yarda da zafin ɗaki. Shi kiton na atorvastatin kuma ba ya son zama cikin ruwa, yana lalacewa yana kuma kashe enzaim, ga shi yana ƙona fata da ido, don haka a hankali ake ɗiga shi cikin awoyi ko a narka shi a butil asitet ya zama hawa biyu, da safar hannu da tabarau a ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi. Juyawa ma a yi ta daidai, in ta yi ƙarfi har kumfa ta tashi furotin yana lalacewa a jikin kumfar.

Fitar da kaya

In ka zuba etil asitet ka girgiza a mazurarin rabawa kana jiran hawa biyu, sai ka ga wani farin abu mai kauri ya tsaya a tsakiya ya ƙi rabuwa, awa ɗaya awa biyu yana nan, furotin ne ya haɗa ruwa da mai. Kusan kowa sai ya gamu da shi. Kafin ka zuba ruwan cirewa ka ɗan ɗumama cakuɗen zuwa digiri 50 ko 60 in kayanka na jure zafi, ko ka sauke pH, furotin ɗin ya dunƙule, ka zuba garin Celite mai taimaka wa tacewa ka tace, ka ƙara gishiri har ruwan ya ƙoshi, sannan ka juya mazurarin a hankali maimakon girgiza. Rage yawan enzaim tun farko shi ne babban magani, a waccan hanyar ta atorvastatin rabuwar da take ɗaukar sama da awa ɗaya ta dawo kamar minti ɗaya da aka rage shi. A cire sau biyu ko uku, a busar da sodiyam salfet, a janye ruwan narkarwa, a auna nauyi, a sake auna ee a kan kayan ƙarshe ba na cikin kwalba kaɗai ba. In kayan gari ne sake narka shi a bar shi ya fito ƙwaya-ƙwaya yakan ɗaga ee daga 97 zuwa sama da 99.

Mataki na gaba a hanyar atorvastatin shi ne cire kulorin a sa sayanaid da wani enzaim daban, wannan kada wani ya gwada shi a lab ɗin makaranta, sayanaid yana kisa cikin mintuna kuma aiki ne na masana'anta mai na'urar gano iska da tsarin kashe dafin shara. A tsaya a alkohol ɗin, shi ma kaya ne da ake saye.

Wanda ya yi niyyar sayarwa kuwa sai ya san mai saye ba nauyi da ee kaɗai zai tambaya ba. Zai nemi takardar gwajin kowane zubi, ragowar kiton, ragowar ruwan narkarwa bisa ƙa'idar magunguna ta ƙasa da ƙasa ICH Q3C, yawan ruwa, shaidar cewa furotin da DNA na bakteriya ba su biyo kayan ba, da bayanin inda enzaim ya fito da ko an taɓa amfani da wani abu na dabba wajen noma shi. Ƙa'idar ICH Q7 ita ce ta aikin haɗa API, a gida kuma NAFDAC ce ke duba masana'anta. Tun daga gwajin yis ka saba da littafi mai lambar shafi, kwanan wata, lambar zubin kowane sinadari, zafi da pH na kowace awa da biro ba fensir ba, kuma ka lissafa kilo nawa na ruwa da gulukos da soda da etil asitet ka kashe kafin ka samu kilo ɗaya na kaya, don da wannan lambar ce za ka gane ko farashinka zai iya tsayawa kusa da na Indiya.